Gidan Haya da Gobara: Amfanin Inshora

A Birnin Ƙwanni, Malbaza da Illela, mutane da yawa suna zaune a gidajen haya. Akwai malaman makaranta, ma'aikatan kamfanin siminti na Malbaza, direbobi da ƴan kasuwa. Idan gobara ta tashi a irin wannan gida, wa zai biya?

Abin da doka ta ce

A dokar Nijar, ɗan haya ne ke ɗaukar nauyin gobarar da ta tashi a gidan da yake ciki. Ba zai kuɓuta ba sai ya nuna wutar daga maƙwabta ta zo, ko ginin ne ke da aibi, ko abu ne da ya fi ƙarfin mutum. Ke nan yana iya rasa kayansa, kuma a nemi ya gyara gidan wani.

Mene ne inshora?

Inshora yarjejeniya ce. Mutum yana biyan kamfani kuɗi kaɗan kowace shekara. Idan ɓarnar da aka rubuta a takarda ta auku, kamfani ya biya diyya. Kamfanonin Nijar suna bin dokar CIMA, ƙungiyar da aka kafa a Yawunde a 1992.

Amfaninta ga ɗan haya: ana biyan sa kayan ɗaki da suka ƙone, kamar katifa, tufafi da keken ɗinki. Ana kuma biyan mai gida da maƙwabta ɓarnar da wutar ta yi musu.

Amfaninta ga mai gida: yana samun kuɗin gyara ba tare da rikici ko zuwa kotu ba. Amma a lura, inshorar mai gida ginin take karewa. Ba ruwanta da kayan ɗan haya. Shi ya sa kowa ke bukatar tasa.

Kafin ku sa hannu

1. Ku karanta takardar, ko ku sa wanda kuka amince da shi ya karanta muku.
2. Ku tambaya ko ta haɗa da ambaliya. Ruwan daminar 2024 ya rusa gidaje masu yawa a jihar Tawa, kuma inshorar gobara ba lalle ta biya wannan ba.
3. Ku faɗi gaskiya. Wanda ya ɓoye cewa yana ajiye man fetur a gida yana iya rasa diyya.
4. Ku biya kuɗin, ku karɓi rasit. Inshora ba ta fara aiki sai an biya.
5. Ku rubuta jerin kayanku, ku ba wani ɗan'uwa ajiya.

Idan ɓarna ta auku, ku sanar da kamfani cikin kwana 5 na aiki. In sata ce, cikin awa 48.

Inshora ba ta hana wuta tashi. A kashe garwashi kafin barci, musamman lokacin hunturu, kuma a gyara wayar lantarki da ta lalace. Rigakafi ya fi magani.