Tattara ra'ayin masu karanta wasiƙar zuba jari

Tattara ra'ayin masu karanta wasiƙar zuba jari shi ne aikin da mawallafi ke yi domin sanin yadda masu karatu ke kallon wasiƙar da yake aika musu kan hannayen jari, takardun lamuni, zinariya da sauran kadarori. Wasiƙar zuba jari rubutu ne da ke fitowa a kai a kai, kullum ko mako-mako ko wata-wata, ana aika shi ta gidan waya ko ta imel ga waɗanda suka yi rajista, galibi bayan sun biya kuɗi. Da yake kuɗin rajista ne ke riƙe da irin waɗannan wasiƙu, mawallafi na buƙatar sanin abin da ke sa mai karatu ya sabunta rajistarsa ko ya daina. Ra'ayin masu karatu yana nuna ko ana fahimtar wasiƙar kuma ana jin daɗinta. Ba ya nuna ko shawarar da ke cikinta ta kawo riba, domin wannan yana da nasa ma'aunin dabam.

Asali

Wannan sana'a ta fi bunƙasa a Amurka. A shekarar 1923 W. M. Kiplinger ya fara fitar da wasiƙarsa ta harkokin kasuwanci daga Washington. A 1931 Arnold Bernhard ya kafa kamfanin Value Line a New York, wanda ya yi suna wajen nazarin hannayen jari. Richard Russell ya fara Dow Theory Letters a 1958, ya ci gaba da rubuta ta har rasuwarsa a 2015. A zamanin takarda, edita yana jin ra'ayin masu karatu ne ta wasiƙun da suke aiko masa, da kiran waya, da takardar tambayoyi da ake sakawa cikin ambulan, sai kuma adadin waɗanda suka sake biyan kuɗi a ƙarshen shekara. Da intanet ta zo, yawancin wasiƙun suka koma imel, aka samu damar ƙirga abin da mai karatu ke yi ko da bai ce komai ba.

Hanyoyin tattarawa

Ana raba hanyoyin gida biyu: abin da mai karatu ya faɗa, da abin da ya aikata.

Kashi na farko ya ƙunshi amsar imel kai tsaye, da gajeriyar tambaya a ƙarshen kowace fitowa, da dogon jerin tambayoyi da ake aikawa sau ɗaya ko biyu a shekara, da hira da wasu zaɓaɓɓun masu karatu. Akwai kuma tambayar da ake yi wa mutum a daidai lokacin da yake soke rajistarsa. Tambayoyin sukan shafi tsawon wasiƙar, sauƙin harshenta, ranar da take fitowa, fannonin da ake son a ƙara, da kuma irin gogewar mai karatu a kasuwa. Sabon shiga da tsohon ɗan kasuwa ba buƙatarsu ɗaya ba, shi ya sa ake ware amsoshinsu kafin a yanke hukunci.

Kashi na biyu ya ƙunshi ƙirga waɗanda suka buɗe saƙon, da waɗanda suka latsa wani mahaɗi a cikinsa, da waɗanda suka tura wa wasu, da waɗanda suka sabunta ko suka soke rajista. Ana gane an buɗe saƙo ne ta wani ɗan ƙaramin hoto da ido ba ya gani, wanda ake ɓoyewa a cikin imel ɗin. Wannan ƙirge ya yi rauni tun 2021, lokacin da kamfanin Apple ya fito da tsarin kare sirri a manhajarsa ta imel. Tsarin yana sauke hotunan saƙo tun kafin mai shi ya duba, sai saƙon ya bayyana kamar an buɗe shi alhali ba a karanta ba. Saboda haka mawallafa da yawa suka koma dogaro da latsa mahaɗi da sabunta rajista.

Ma'aunai

Ma'auni biyu sun fi yaɗuwa a takardun tambayoyi. Na farko shi ne ma'aunin Likert, wanda masanin halayyar ɗan Adam Rensis Likert ya gabatar a 1932. Ana kawo magana guda, misali cewa bayanin wasiƙar yana da sauƙin fahimta, sai mai karatu ya zaɓi ɗaya daga matakai biyar, tun daga cikakkiyar amincewa har zuwa cikakkiyar rashin amincewa.

Na biyu shi ne Net Promoter Score, wanda Fred Reichheld ya gabatar a mujallar Harvard Business Review a 2003. Tambaya ɗaya ce: daga 0 zuwa 10, yaya yiwuwar mutum ya ba abokinsa shawarar ya karanta wannan wasiƙa? Waɗanda suka ba da 9 ko 10 su ne masu yabo, masu 7 ko 8 'yan ba-ruwanmu, masu 0 zuwa 6 kuma masu kushe. Ana cire kason masu kushe daga kason masu yabo. Idan mutum 100 suka amsa, 50 suka yaba, 20 suka kushe, sakamakon ya zama 30.

Matsalar waɗanda ba su amsa ba

Babban raunin kowace ƙuri'ar jin ra'ayi shi ne waɗanda suka amsa ba lallai ne su wakilci sauran ba. Misalin da aka fi kawowa a darussan ƙididdiga shi ne na mujallar Literary Digest a zaɓen shugaban Amurka na 1936. Mujallar ta aika takardun ƙuri'a kusan miliyan 10, ta samu amsa sama da miliyan 2, ta yi hasashen Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Da aka yi zaɓen, Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. An ɗauko sunayen ne daga littattafan lambobin waya, rajistar motoci da jerin masu karanta mujallar, sannan waɗanda suka ɗauki wahalar mayar da amsa sun fi karkata ga Landon. Mujallar ta daina fitowa a 1938.

Wasiƙar zuba jari tana fuskantar wannan matsala ta fuska biyu. Waɗanda suka fi yawan rubuto wa edita su ne masu tsananin farin ciki da masu tsananin fushi, mafi yawan jama'a kuma shiru suke yi. Na biyu, wanda ya bi shawarar wasiƙar ya yi asara sau da yawa ya riga ya soke rajista, takardar tambayoyin shekara ba za ta same shi ba. Sai jerin ya rage da waɗanda abin ya yi wa daɗi. Wannan ne ya sa ake ba tambayar lokacin soke rajista muhimmanci, ko da amsoshinta ba su da daɗin karantawa.

Gamsuwa da sakamako

Mai karatu na iya gamsuwa da wasiƙa saboda salon marubucinta, ko saboda tana faɗin abin da ya riga ya yarda da shi. Yakan tuna shawarar da ta yi nasara, ya manta wadda ta faɗi. Lokacin da kasuwa ke hawa kusan kowace wasiƙa tana shan yabo, idan ta faɗi kuma yabon ya koma zargi, ko da ingancin nazarin bai canja ba.

Domin cike wannan giɓi Mark Hulbert ya kafa Hulbert Financial Digest a 1980. Yana yin rajista da wasiƙun, ya rubuta kowace shawarar saye ko sayarwa, ya lissafa abin da mai bin ta zai samu bayan cire kuɗin dillali. Kamfanin MarketWatch ya sayi mujallar a 2002, ta kuma daina fitowa a 2016. Masana sun yi amfani da bayananta. John Graham da Campbell Harvey sun wallafa bincike a 1996 kan dabarun wasiƙu 237 daga 1980 zuwa 1992, ba su samu shaidar cewa wasiƙun sun iya hango lokacin hawa ko faɗuwar kasuwa ba. Andrew Metrick ya binciki wasiƙu 153 a 1999, shi ma bai samu shaida mai ƙarfi ta fifiko wajen zaɓen hannayen jari ba. Duk da haka wasiƙun suna da masu biyan kuɗi shekara da shekaru, abin da ke nuna cewa riƙe mai karatu da kawo masa riba ba abu ɗaya ba ne.

Akwai kuma haɗarin edita ya riƙa bin son ran masu karatu. Idan suka cika neman labarin wani hannun jari da farashinsa ke ta tashi, biyan buƙatarsu na iya sa wasiƙar ta tallata shi a daidai lokacin da ya fi tsada.

Ra'ayi a matsayin ma'aunin kasuwa

Wasu ƙungiyoyi suna tattara ra'ayi domin auna yanayin kasuwar kanta. Ƙungiyar ɗaiɗaikun masu zuba jari ta Amurka, AAII, tana tambayar mambobinta kowane mako tun 1987 ko suna ganin kasuwa za ta hau, ko ta sauka, ko ta tsaya cikin wata shida masu zuwa. Investors Intelligence kuma tun 1963 take ƙirga ra'ayin marubutan wasiƙun su kansu. Masu nazari da yawa suna karanta waɗannan alƙaluma a juye: idan kusan kowa ya cika da fata, suna ɗaukar hakan gargaɗi ne, bisa hujjar cewa masu niyyar saye sun riga sun saya.

Dokoki

A Amurka, dokar masu ba da shawara kan zuba jari ta 1940 ta wajabta musu rajista da hukuma, amma ta keɓe jaridu da mujallu na gaskiya masu fitowa a kai a kai ga jama'a baki ɗaya. A shari'ar Lowe da hukumar SEC mai kula da hada-hadar hannayen jari, Kotun Ƙoli ta yanke a 1985 cewa wasiƙun zuba jari suna cikin wannan keɓewa muddin shawararsu ta kowa da kowa ce, ba a tsara ta domin wani mutum guda ba. Wannan ya shafi amsa saƙonnin masu karatu kai tsaye. Idan mai karatu ya bayyana dukiyarsa ya nemi a gaya masa abin da zai saya, editan da ya amsa masa shi kaɗai na iya fita daga kariyar da mawallafi ke da ita. Shi ya sa wasiƙu da yawa ke tara tambayoyi su amsa su a bainar kowa a fitowa ta gaba, ba tare da ambaton suna ba.

Amfani da yabon masu karatu a talla shi ma yana da ƙa'ida. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta sabunta ƙa'idojinta a 2009: mai talla da ya nuna sakamakon mutum guda wanda ya fi na sauran dole ya bayyana abin da yawancin mutane za su iya samu.

Amsoshin da ake tattarawa kan ƙunshi shekaru, kuɗin shiga da girman jari, don haka dokokin kare bayanai sun hau kansu. Dokar CAN-SPAM ta Amurka ta 2003 ta wajabta a daina aika saƙon talla cikin kwanakin aiki 10 ga wanda ya nemi a cire shi. Dokar GDPR ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a ranar 25 ga Mayu 2018, ta ba mutum damar ganin bayanansa da neman a goge su. A Najeriya, dokar kare bayanai ta 2023 ta kafa hukumar da ke sa ido kan yadda kamfanoni ke tattara bayanan jama'a da yadda suke adana su.