Tsakanin "Bayan" da "Saboda": Darasi Daga Fayilolin Marasa Lafiya

Masu iya magana kan ce ruwa ba ya tsami banza. Sai dai gano abin da ya tsamar da shi aiki ne mai wuya, domin harshe kan ruɗe mu: mukan ji "ya mutu bayan ya sha magani", mu fassara shi da "ya mutu saboda maganin".

A shekarar 2000, Miguel Hernán da Babette Brumback da James Robins na Jami'ar Harvard suka nazarci bayanan maza masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau a Amurka. Lissafin farko ya nuna yawan mutuwa tsakanin masu shan maganin zidovudine ya ninka na marasa sha sau 3.6. Dalili kuwa shi ne likitoci sun fi ba da maganin ga waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni. Matsalar ta ƙara sarƙewa domin shawarar ba ta rana ɗaya ba ce: maganin wannan wata yana sauya sakamakon gwajin jini, sakamakon kuma yana sauya shawarar likita a wata mai zuwa. Da suka yi amfani da dabarar lissafi mai la'akari da wannan sarƙa, sai adadin ya sauko zuwa 0.7, wato maganin na rage mutuwa.

Amma dabarar na da sharaɗi mai nauyi: dole duk abin da ya sa likita ya yanke shawara ya kasance a rubuce. Kasalar da ya gani a idon majinyaci, ko talaucin da ya hana sayen magani, ba kasafai suke shiga fayil ba. Kuskuren da wannan giɓi ke haifarwa kuwa yana taruwa ne daga mataki zuwa mataki.

Mafita ɗaya ta fito tun 1959, lokacin da Jerome Cornfield ya amsa wa masu cewa wani ɓoyayyen hali ne, ba taba sigari ba, ke jawo sankarar huhu. Ya nuna cewa sai halin ya fi yawa ninki tara a cikin mashaya kafin zancen ya tsaya.

Saboda haka, duk wanda ya zo da manhajar kwamfuta da ta koyi ba da magani daga tsofaffin fayiloli, wajibi ne hukumomin lafiya su tambaye shi: me likita ya gani wanda ba a rubuta ba, kuma wane ƙarfi yake buƙata kafin ya rushe sakamakonka?