Sanƙo, taya da mikiyar Amurka: inda kalmar "bald" take shiga

Duk ɗan makarantar da aka tambaya ma'anar kalmar Ingilishi "bald" zai ce sanƙo. Bai yi kuskure ba, amma bai gama ba. Ranar da ya ji an kira tsuntsun da ke jikin tambarin Amurka da "bald eagle", sai ya zaci mikiya ce mai sanƙo. Ya duba hotonta, ya tarar kanta cike yake da gashi fari fat. Ungulu ce mai sanƙo na gaskiya, amma ba ita aka laƙaba wa sunan ba.

Asalin kalmar ne ya jawo haka. A tsohon Ingilishi na wajen ƙarni na 14 ana rubuta ta "balled", kuma masana harshe da dama suna danganta ta da wata tsohuwar kalma mai nufin farin tabo, irin wanda ke goshin doki. Wato fari da ƙyalli suka fara zuwa, rashin gashi ya biyo baya, tunda kan mai sanƙo na sheƙi idan rana ta doke shi. Mikiyar Amurka, wadda ke kan hatimin ƙasar tun 1782, ta gaji tsohuwar ma'anar ce: mai farin kai. Haka nan dokin da jikinsa ke da dabbare-dabbaren baƙi da fari, Bature yana ce masa "piebald", ba tare da an taɓa masa gashi ko ɗaya ba.

Game da mutum kuwa, akwai wani bambanci da ya kamata mai koyo ya riƙe. Bahaushe ba ya haɗa mai sanƙo da wanda wanzami ya yi wa ƙwal-kwabo. Na farko gashin ne ya zube da kansa, na biyu aska ce ta bi ta kansa, bayan mako biyu zai tsiro. Ingilishi ma yana da "shaven" don askakken kai, sai dai a bakin jama'a ana yawan kiran duka biyun "bald". Wanda sanƙon ya fara cinsa daga goshi ko tsakar ka amma bai gama ba, "balding" ake ce masa. Likita kuma in ya zo rubutawa a kati, "alopecia" zai rubuta. Ba a cika amfani da "bald" ga haɓa ko hannu ba. A nan "hairless" ta fi dacewa, masana tsirrai kuma suna da tasu, "glabrous", don ganye mai santsi marar ƙaiƙayi.

Daga kan mutum kalmar ta sauka zuwa ƙafar mota. Tayar da ta suɗe, zanenta ya goge har ta koma sumul, ita ce "bald tyre". A Birtaniya doka ta ce zurfin zanen tayar ƙaramar mota kada ya gaza milimita 1.6, wanda aka kama da ƙasa da haka tara ce. Wanda ya taɓa taka burki da damina ya ji motar ta ci gaba da tafiya ya san dalilin dokar. A tsaunukan Apalaciya na Amurka ma, ƙwanƙolin dutsen da babu bishiyoyi sai ciyawa, "bald" suke ce masa.

Amfanin da ya fi wuce wa masu karanta jarida shi ne na magana. Idan aka ce wani ya faɗi abu "baldly", ana nufin ya faɗe shi tsirara, ba kwana-kwana, ba sakaya. "Bald-faced lie" kuwa ƙarya ce ta ƙeƙe-da-ƙeƙe, wadda mai yinta ko ƙifta ido ba ya yi. A nan ne ake yawan tuntuɓe da "bold", mai nufin ƙarfin hali, saboda a kunnenmu furucinsu ya yi kusa. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma wanda ya so yabon shugaba da jarumta ya rubuta "a bald leader", ya ce masa mai sanƙo ne kawai.

Shin zagi ce? Ita kanta kalmar ba zagi ba ce. Tarihi ma ya san wani sarkin Faransa ta Yamma, jikan Sarki Shalaman, wanda ya rasu a 877, da laƙabin Charles the Bald. Sai dai yadda aka jefa ta shi ne abin dubawa. A 2022 wata kotun ma'aikata a Shefild ta Ingila ta saurari ƙarar wani mai aikin lantarki da shugabansa ya kira shi mai sanƙo, ya haɗa masa da ashar. Kotun ta yanke cewa wannan cin zarafi ne mai nasaba da jinsi, domin sanƙo ya fi kama maza.

Saboda haka in za ka siffanta taya, dutse ko ƙarya, yi amfani da ita hankali kwance. In mutum ne a gabanka, musamman a wurin aiki, kira shi da sunansa.