Yawan Jama'ar El Salbador: Ƙarancin Ƙasa da Ƙaura

El Salbador ita ce mafi ƙanƙanta cikin ƙasashen Amurka ta Tsakiya, faɗinta bai wuce murabba'in mil 8,100 da 'yan kai ba, amma kuwa ita ce ta fi su duka cinkoson mutane. Ƙidayar da aka yi a 1950 ta sami mutum miliyan 1.86. A 1961 sun kai miliyan 2.5, a 1971 kuma miliyan 3.55, watau cikin shekara 21 jama'a ta kusa ninkawa. Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Magunguna da rigakafi sun rage mutuwar yara, alhali kuwa haihuwa tana nan yadda ta ke, mace ɗaya ta kan haifi 'ya'ya 6 ko fiye.

Masu nazari da yawa na wancan zamani suka ce yawan haihuwa shi ne ciwon ƙasar. Wannan magana rabin gaskiya ce, gama matsin ya girmi yawan jama'ar. Da can abin da ƙasar ke sayarwa waje shi ne baba, irin wanda marinan Kano suka sani. Da kasuwarsa ta faɗi aka koma ga kofi, sai gwamnati ta kafa dokoki a 1881 da 1882 waɗanda suka soke gonakin gandu na ƙauyuka. Ƙasa mai albarka ta tattaru a hannun gidaje kaɗan, talaka kuwa ya zama ɗan ƙodago, ko ya hau gangaren duwatsu yana noman masara. Sa'ad da manoma suka yi bore a 1932, soja suka kashe dubbai, galibinsu 'yan asalin ƙasa. Saboda haka duk wanda ya raba yawan mutane da faɗin ƙasa, ya tsaya nan, lalle bai ga inda gizo ke saƙa ba.

Wanda ya rasa gona sai ya ƙetare iyaka. Honduras, maƙwabciyarsu, ta ninka El Salbador faɗi sau biyar, mutanenta kuma ba su kai nata ba. Kafin 1969 kimanin mutanen El Salbador 300,000 suna zaune can, yawancinsu suna noma filayen da ba su da takardarsu. A shekarar nan Honduras ta soma korarsu bisa ga dokarta ta rabon ƙasa, kuma ran 14 ga Yuli yaƙi ya ɓarke. An yi kwana huɗu ana gwabzawa. Jaridu suka laƙaba masa suna Yaƙin Ƙwallo, domin ya biyo bayan wasannin neman shiga gasar cin kofin duniya, amma sunan ya ɓoye ainihin abin da aka yi faɗa a kansa. Dubban iyalai suka komo gida ba su da inda za su sa garma, ƙofar Honduras kuma ta rufe. Yaƙin basasa na 1980 zuwa 1992, wanda ya ci rayuka wajen 75,000, a kan wannan matsi ya tsiro.

Tun daga lokacin hanyar ƙaura ta juya arewa, zuwa Amurka, musamman biranen Los Anjalis da Washington. Girgizar ƙasa biyu ta 2001 da ta'adin gungun 'yan daba suka ƙara ingiza mutane. Yawan waɗanda suka fita bai bayyana sosai ba sai a ƙidayar 2007: hukuma tana tsammanin kusan miliyan 7, sai aka sami miliyan 5.74 kurum. Haifaffun El Salbador da ke zaune Amurka sun haura miliyan 1, kuma kuɗin da aka aiko gida daga waje a 2023 ya zarce dala biliyan 8, kusan rubu'in dukan arzikin da ƙasar ta samar a shekarar.

Har wa yau haihuwa ita ma ta sauka ƙwarai, ta koma ƙasa da 'ya'ya 2 ga kowace mace. Da ya ke matasa ne suka fi fita, 'ya'yan da za su haifa a ƙasar waje za a lissafa su, ƙauyukan gabas kuwa a bar su da tsofaffi da jikoki. Ƙidayar 2024 ta sami mutum miliyan 6.03. Ƙasar da ta ƙaru da mutum miliyan 1 tsakanin 1961 da 1971, ƙaruwarta cikin shekara 17 da suka biyo bayan 2007 ba ta cika 300,000 ba.