Gargaɗi ga masu haɗa batir da masu rumfar caji a Illela

Jama'ar Illela, musamman masu gyaran waya, masu haɗa fawa-banki da fitilun sola, da masu rumfunan caji a kasuwa da kan hanyar Kwanni: a duba ɗan allon da ake liƙa wa batirin litiyam, a duba shi yau, kafin zafin bazara ya kankama.

Yawancin batiran da ake haɗawa a rumfuna ƙwayoyin 18650 ne da aka ɓalle daga tsofaffin batiran kwamfuta. Ƙwaya ɗaya tana cika a bolt 4.2. In ta haura haka sai ta ɗau zafi, ta kumbura, ta iya kamawa da wuta. Abin da ke tsare ta shi ne ayisin da ke kan allon, kuma a nan ake yin ganganci.

Allon TP4056 mai araha iri biyu ne. Akwai mai caji kawai, wanda ke da wurin liƙa waya biyu a gefen batir. Akwai kuma mai kariya, mai wuri huɗu, da ƙananan ayisi biyu, DW01A da 8205A, waɗanda ke yanke wuta in caji ya wuce iyaka, ko batir ya zuke ƙasa da kusan bolt 2.4, ko wayoyi suka haɗu. Bambancin kuɗinsu kaɗan ne. Wanda ya sayar wa mutum fitila da allo marar kariya, ya san yara za su kwana kusa da ita, bai kyauta ba.

Kada lambar da ke nuna kashi 80 ko 100 ta yaudare ku. Ayisi irin MAX17048 ko BQ27441 aikinsu auna abin da ya rage a batir ne, su faɗa. Ba sa yanke komai.

Masu sola kuma, kada a haɗa allo da batirin da ba nasa ba. Ƙwayar LiFePO4 iyakarta bolt 3.65. Jerin huɗu nata yana cika a 14.6, jerin uku na litiyam na yau da kullum a 12.6. Dukansu "bolt 12" ake kiransu a kasuwa, amma allon ɗaya ba ya yi wa ɗayan aiki. A tambayi mai kaya, a karanta rubutun jikin allon, a sa mita a gani da ido.

Sai zafi. Masu ƙera waɗannan batira sun ce kada a yi musu caji in zafi ya wuce digiri 45. A watan Afrilu da Mayu, rumfar kwano a ƙasar Sakkwato tana kaiwa nan da rana tsaka. TP4056 yana da ƙafar auna zafi, amma a yawancin alluna masu araha an haɗe ta da ƙasa, ba ta aiki. Saboda haka a sa batir a inuwa, a bar iska ta ratsa, kada a tula wayoyi cikin akwati ɗaya a rufe.

Duk batirin da ya kumbura, ko ledarsa ta yage, ko yake wari, a cire shi a kai waje, a binne shi cikin yashi a bokitin ƙarfe, nesa da jarkokin fetur. Kada a huda shi, kada a sake sa masa caji.

Iyayen gida masu koyar da yara wannan sana'a, don Allah ku tara yaranku ku nuna musu allon TP4056 ɗin nan iri biyu a hannu, kuma ku isar da wannan saƙo ga 'yan uwanmu na Kwanni.