Yadda Mutum Zai Ɗebi Jininsa Da Kansa Don Gwaji

Jama'a, da yawa daga cikinmu ba sa zuwa gwajin jini. Wani asibiti ya yi masa nisa, wani kuma kunya yake ji kada a gan shi. To, yanzu akwai hanyar da mutum zai ɗebi jininsa da kansa a gida.

Da farko, me ake nema a cikin jinin? Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, sai jiki ya ƙera wasu dakaru don su yaƙe ta. Kowace cuta da irin dakarunta, kamar 'yan banga da suka san fuskar ɓarawo guda. Idan aka ga dakarun a jini, an san cutar ta taɓa shiga jikin.

An gwada wannan hanya a Ingila a shekarar 2020, lokacin annobar korona. Mutane fiye da 100,000 suka gwada jininsu a gidajensu. Aka gano cewa kimanin mutum 6 cikin 100 sun riga sun kamu, har da waɗanda ba su ji ciwon komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince mutum ya gwada kansa don cutar ƙanjamau tun 2016, sannan ciwon hanta nau'in C a 2021.

Ga yadda ake yi. Ka wanke hannu da sabulu da ruwan ɗumi, ka goge. Ka soki gefen kan yatsa da sabon tsinken da ke cikin kunshin. Kada ka yi amfani da reza ko allurar ɗinki, kada kuma mutum biyu su yi amfani da tsinke ɗaya.

Kayan iri biyu ne. Wani kati ne da ake ɗiga jini a kansa, a bar shi ya bushe a inuwa kamar awa 3, sannan a kai wa ma'aikatan lafiya. Wani kuma a nan take yake nuna sakamako cikin 'yan mintoci. A yawancinsu, layi ɗaya na nufin ba a ga dakarun ba, layi biyu na nufin an gan su. Idan karatun takardar ya yi maka wuya, nemi wanda ka amince da shi ya karanta maka.

Amma a kula da abu uku. Na ɗaya, jiki yakan ɗauki har wata 3 kafin dakarun ƙanjamau su bayyana, don haka wanda yake shakka ya sake gwaji bayan wannan lokaci. Na biyu, layi biyu ba hukunci ba ne, sai an je asibiti an tabbatar. Kada maigida ya saki matarsa a kan gwajin gida. Na uku, ba a yi wa jariri ɗan ƙasa da wata 18 wannan gwaji, domin yana ɗauke da dakarun mahaifiyarsa.

Wanda aka tabbatar yana da ƙanjamau kada ya yanke ƙauna. Akwai maganin da idan ya riƙa sha kullum, zai ci gaba da nomansa da kiwonsa cikin ƙoshin lafiya. Ciwon hanta nau'in C kuwa ana warkewa da magani. Wanda ya san halin da jininsa yake ciki ya ceci kansa, ya ceci iyalinsa.