Abin Da Ke Ƙarƙashin Katifar Jariri

Yau filinmu na kimiyya zai kai mu Makka, wurin 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Misfala da Jarwal da Share Mansur, da kuma alhazan da kan sayo gadon jariri cikin tsarabarsu. Mai saye ya kan duba fenti da ado, ya latsa katifa ya ji laushinta. Kaɗan ne ke ɗaga katifar su ga abin da ta hau kai, watau gindin gadon, alhali kuwa ran yaro a kansa ya rataya.

To, ga dalili. Jariri ɗan wata biyu ko uku wuyansa bai yi ƙwari ba. Idan gindin gado ya lotsa, katifa ta kan yi kwarmi, yaro ya gangara ciki ya kife fuska. Ba shi da ƙarfin ɗaga kai, sai ya yi ta shaƙar gurɓatacciyar iskar da ya fitar, har numfashi ya gagara. Binciken da aka yi a ƙasar New Zealand daga 1987 zuwa 1990 ya nuna haɗarin kwantar da jariri rub da ciki. A 1991 aka shiga yi wa iyaye gargaɗi a Ingila su riƙa kwantar da shi rigingine, cikin 'yan shekaru kuwa mutuwar jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi. Amma yaro ba ya zama a rigingine sai bisa shimfiɗa mai tauri, wadda ta daidaita kamar tabarma a kan daɓe.

Gindin gado iri uku ne. Akwai na sandunan katako a jere, wanda iska ke ratsawa ta busar da katifa. Akwai na ragar ƙarfe, mai ƙarko, sai dai ta kan saki idan ta tsufa, ta kan kuma yi tsatsa. Akwai na allo guda. Idan allon na garin katako ne da aka matse da gam, a yi hattara, gama fitsari na ratsa shi sai ya kumbura ya rududduge.

Zafin Makka kuma yana da nasa aiki. Da bazara ya kan wuce digiri 40, a watan Yuni na 2024 ma an auna 51.8 a Masallacin Harami. Zafi da bushewar iska su kan tsotse danshin katako, ya tsuke, kusoshi su yi sako-sako. Idan aka kawo gadon Kano ko Maraɗi, damina ta kumbura shi, hunturu ya sake busar da shi. Saboda haka gindin da ke zaune bisa maƙalan ƙarfe, an ɗaure shi da noti a kusurwa huɗu, ya fi wanda aka rataya da roba.

A Amurka, bayan yara da dama sun halaka, aka kafa doka a 2011 wadda ta hana sayar da gado mai gefen da a ke saukewa, ta kuma wajabta ƙarfafa gindi da kusoshi. Mai sayen tsohon gado a haraj, watau kasuwar gwanjo, sai ya tuna da wannan.

Ga gwajin da kowa zai iya yi tun a kanti. A ɗaga katifa, a danna tsakiyar gindin da hannu biyu: kada ya lanƙwashe ko ya yi ƙara. A girgiza gadon a ji ko yana rawa. A mai da katifa, a sa yatsu tsakaninta da gefen gado. In sama da yatsu biyu suka shiga, ta yi ƙanƙanta. Tsakanin sandunan gefe kada ya wuce santimita 6, domin kada jikin yaro ya zurma kansa ya maƙale. A gida kuwa a riƙa ɗaure kusoshi lokaci lokaci, kada a sa matashi ko tarin tsummoki. Da zarar yaro ya fara dafa abu yana miƙewa, a sauke gindin zuwa matakin ƙarshe na ƙasa.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya raya mana zuriya, sai mako mai zuwa.